Takardar Da Shehu Laminu Ya Aika Wa Sarkin Musulmi Bello Kan Maganar Iyaka

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu 'yan kasuwa ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a nan Jos. Jama'a da dama sun nemi a buga shi, ga shi mun kawo muku kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.

 



Da farko ina neman afuwar malamai. Ni ba masanin tarihi ba ne. Karatuna na allo ne da Islamiyya, sana'ata kuwa sayar da yadi da atamfa. Abin da ya jefa ni cikin sha'anin tsofaffin takardu wata 'yar asara ce da ta same mu a gida. Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, muka tarar da takardar cinikin gidan da kakanmu ya saya bayan ya zo daga ƙasar Katagum neman abinci a zamanin haƙar kuza. Da Larabci aka rubuta ta, ga sunan mai saye, ga na mai sayarwa, ga shaidu. To amma gara ta riga mu. Wurin da ta ci kuwa shi ne daidai inda aka faɗi iyakar gidan ta gabas. Saboda layi biyu da gara ta cinye, muka shekara uku muna jayayya da maƙwabcinmu a kan lungun da bai fi taku huɗu ba, alhali kakansa yana cikin shaidun takardar. Tun daga ranar nake bin labarin takardun iyaka, ƙanana da manya. Yau zan ba ku labarin wata babba.

Yadda rigimar ta samo asali

Kun sani cewa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, daga nan jihadi ya kankama. Kafin wannan lokaci Barno ita ce babbar daula a wannan nahiya tamu, har sarakunan Hausa irin na Katsina suna aika mata da gaisuwa. Ƙasashen da a yau muke kira Haɗeja da Katagum da Misau duk suna cikin yammacin mulkinta. Da wutar jihadi ta isa can, masu tuta suka karɓe su. A 1808 Gwani Muktar ya shiga Birnin Ngazargamu kansa, Mai Ahmadu ya fita ya bar gari. Ɗansa Mai Dunama ne ya nemi taimakon wani malami, Muhammadul Aminu Alkanemi, wanda mu Hausawa muka fi sani da Shehu Laminu. Shi ya ƙwato birnin, Gwani Muktar ya rasu a wannan gwagwarmaya, kuma tun daga nan ƙarfin Barno ya koma hannun Shehu Laminu, wanda ya gina Kukawa a 1814.

Shehu Laminu malami ne, saboda haka bai tsaya ga takobi kaɗai ba, ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta wa mutanen Sakkwato yana tambayar hujjarsu ta yaƙar ƙasar da ta daɗe da Musulunci. Muhammadu Bello ya mai da masa amsa, kuma ya kwafe waɗannan wasiƙu cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Ku lura da wannan, jama'a. Bello ya adana maganar abokin jayayyarsa a cikin littafinsa na kansa, shi ya sa muke iya jin bakin kowane ɓangare bayan shekara fiye da 200.

Alƙalami bai raba gardama ba. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi. A ƙarshen 1826 Shehu Laminu ya ɗauro yaƙi ya nufo Kano, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Abin ya yi zafi har wani Baturen Ingila, Kyaftin Kilafaton, wanda ake kira Abdullahi, da ya zo Sakkwato ɗauke da takarda da tsarabar da zai kai wa Shehun Barno, aka karɓe su daga hannunsa, a can Sakkwato kuma ya mutu a watan Afrilu na 1827. A farkon wannan shekarar ce Sarkin Bauchi Yakubu ya tari rundunar Barno a Fake, aka gwabza, Shehu Laminu ya juya gida. Sakkwato ba ta iya cin Barno ba, Barno kuma ba ta iya maido da abin da ya fita hannunta ba. Kowa ya gaji.

Abin da takardar ta ƙunsa

A cikin waɗannan shekaru na kai-komo ne Shehu Laminu ya rubuta wa Sarkin Musulmi Bello takardar da nake son mu duba. Masu tarihi sun fassara ta sun buga, gajeruwa ce ƙwarai, ba ta kai tsawon wasiƙar da ɗayanmu zai rubuta wa maigidansa a Kantin Kwari ba. Abin da ke cikinta huɗu ne.

Na farko, ya tuna wa Bello cewa addininsu ɗaya, bai dace talakawansu su riƙa yaƙar juna ba. Na biyu, ya ce tsakanin ƙasashensu akwai ƙasar Badawa, waɗanda ya lissafa a matsayin waɗanda ba Musulmi ba, ya ce kowane ɓangare na iya karɓar haraji a kansu, su zama su ne iyaka: abin da ke gabas da su na Barno, abin da ke yamma na Sakkwato. Na uku, ya ce Muniyo da Damagaram da Daura za su ci gaba da bin Sarkin Barno. Na huɗu, a madadin haka Barno ta janye duk wata da'awa da take da ita a kan Gobir da Katsina.

Shi ke nan. Babu taswira, babu awo, babu turaku. To bari in karanta muku ita da idon ɗan kasuwa, don shi ne idon da Allah ya ba ni.

Abu na farko da na gani, Shehu bai fara da abin da ya raba su ba. Mutumin da ya yi shekaru yana musu da Sakkwato a kan wa ke da gaskiya, da ya zo neman sulhu sai ya ajiye wannan musu gefe, ya fara da abin da ya haɗa su, ya kuma kawo maganar talaka, wanda shi ake ƙone wa rumbu in sarakuna sun saɓa. Kowane dillali a nan ya san haka. In ka zo sasanta mai kaya da mai saye, ka fara tono tsohon bashi, ciniki ya watse.

Abu na biyu, ya bayar kafin ya nema. Wani zai ce, ai Gobir da Katsina sun riga sun fita hannun Barno, me ya bayar? Gaskiya ne. Alƙalawa ta faɗi tun 1808, Katsina tana hannun Ummarun Dallaje. Amma ku tambayi duk wanda ya taɓa bin bashin da ya san ba zai fito ba. Muddin bai ce ya yafe ba, bashin nan yana nan a littafi, 'ya'yansa za su gada, jikokinsa za su je su tsaya a ƙofar gidan jikokin wancan. Ranar da ya rubuta da hannunsa cewa ya yafe, ranar ce zuri'a biyu suka huta. Da ya ce abin da ke yamma naku ne, ya haƙura ke nan da Haɗeja da Katagum, ƙasashen da Barno ta mulka shekaru aru-aru. Wannan ba ƙaramin haɗiye rai ba ne ga mutumin da ya fito yaƙi saboda su.

Abu na uku, takarda bakin mai ita take faɗa. Ku dubi maganar Daura. A lokacin da ake wannan rubutu birnin Daura yana hannun gidan Malam Isiyaku, mai tutar Shehu Usmanu. Sarkin da aka kora, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa, magadansa kuma daga baya suka zauna a Zango da Baure. Wato Daura ta rabu, wani sashe na kallon Sakkwato, wani na kallon gabas da arewa. Wanda ya tsinci takardar nan kawai, bai san sauran labarin ba, sai ya rantse cewa Daura duka ta Barno ce. Ba ƙarya Shehu Laminu ya yi ba, matsayin ɓangarensa ya rubuta, kamar yadda mai kaya ke faɗin kuɗin da yake so kafin a taya.

Waɗanda ba a tambaya ba

Abu na huɗu shi ne ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da ya sa na zaɓi wannan takarda. Manyan malamai biyu, shugabannin dauloli biyu, ana maganar mai da ƙasar Bade iyaka, amma babu inda aka ji bakin Badawa. Mutane ne masu garuruwansu da gonakinsu da fadamunsu, aka ambace su kamar yadda ake ambaton kuka ko rafi a takardar gona.

To me ya faru? Badawa ba su karɓa ba. Suka haɗa kai a ƙarƙashin Lawan Babuje, suka kewaye Gogaram da ganuwa, suka yi ta kare kansu gabas da yamma. Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya gagari Sakkwato kanta shekara da shekaru, a yaƙin Gogaram ya gamu da ajalinsa a 1863. Yau masarautar Bade tana nan daram, fadarta a Gashuwa cikin Jihar Yobe. Takarda ta kashe babbar wuta tsakanin Kukawa da Sakkwato, amma ta bar garwashi a kan mutanen da ba a kira su zaman ba, garwashin nan kuwa ya daɗe yana ci.

Akwai wata rigimar ta kusa da mu da ta fito daga wannan yaƙi. A 1827 Sarkin Bauchi Yakubu da Sarkin Katagum Ɗan Kauwa suka ci garin Misau, sai kuma jayayya ta tashi tsakaninsu, kowa na cewa nasa ne. Dukansu masu biyayya ga Sakkwato ne, addini ɗaya, tuta ɗaya. Sarkin Musulmi Bello ya duba, a 1831 ya hana su duka biyun, ya ba Mamman Manga ɗan Gwani Muktar. Asalin masarautar Misau ke nan. Kun ga ashe rigimar ƙasa ba sai da bambancin addini ko yare take tashi ba. 'Yan uwa ɗaya uba ɗaya ma suna yin ta, mu da muke zuwa rabon gado mun sani. Abin da ya kashe ta Misau shi ne akwai wanda ɓangarorin biyu suka yarda da hukuncinsa.

Allah da ikonsa, Bello da Shehu Laminu a shekara ɗaya suka bar duniya, 1837. Bayansu abubuwa suka sauya. Damagaram ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu har ta fi ƙarfin a juya ta daga Kukawa. Rabe ya ci Barno a 1893. Sannan Turawa suka zo da tasu takardar. A 1890 Ingila da Faransa suka zauna a ƙasarsu suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tafkin Cadi. Suka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, sannan suka aiko jami'ansu suka kafa turaku 148 daga Kwara zuwa Cadi. Damagaram da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Katsina da Daura hannun Ingila. Wato abin da aka yi wa Badawa shi aka yi wa Barno da Sakkwato gaba ɗaya: aka raba su ba a tambaye su ba. Duk wanda ya taɓa sauke kaya a Jibiya ko Maigatari ya san ɗanɗanon wannan layi.

Duk da haka tsohuwar iyakar ba ta ɓace ba. In ka tashi daga Haɗeja ka nufi Gashuwa, ka bar Jigawa ka shiga Yobe, jihohin da aka ƙirƙiro rana ɗaya a watan Agusta na 1991, kusan wurin da Shehu Laminu ya nuna da alƙalaminsa kake tsallakawa.

Abin da ya shafe mu a Jos

Wani zai ce, Alhaji, mu da ke Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da Rikkos, ina ruwanmu da Gogaram? Ruwanmu da ita babba ne. Garin nan namu bai rasa takardu ba. Jos tana cikin Lardin Bauchi har 1926 da aka yanke Lardin Filato, kuma tun daga zamanin Turawan kuza ake rubuce-rubuce a kanta. Bayan rikicin 1994, da na 2001, da na 2008, an kafa kwamitocin bincike, kowane ɓangare ya kwashi tsofaffin takardunsa ya kai. Mu mun kai namu, maƙwabtanmu Birom da Anaguta da Afizere sun kai nasu. Rahotanni sun fito, amma wanda ya binne ɗansa bai ga takardar da ta dawo masa da shi ba.

Abin da na koya daga takardar Shehu Laminu shi ne, takarda shaida ce, kuma shaida tana da daraja, amma ba ta zama sulhu sai wanda take magana a kansa ya zauna an karanta da shi ya ce ya yarda. In aka yanke magana a kanmu ba da mu ba, ba za mu karɓa ba, kuma muna da gaskiya. To haka nan in muka ɗauko wata takarda da wani Bature ya rubuta, muka ce ta gama magana a kan wasu ba tare da su ba, su ma ba za su karɓa ba. Abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani. Kuma duk mai son a sasanta, ya zo da abin da zai iya haƙura da shi a hannu, kamar yadda Shehun Barno ya zo da Gobir da Katsina. Wanda ya shiga kasuwa ya ce ba zai rage ko kwabo ba, da kayansa zai koma gida.

Wannan ba ya nufin mu yi sakaci da takardunmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, malamai suna nan za su gyara mini. Da Kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, da yawa daga cikinmu ba kaya kaɗai muka rasa ba, har da takardun rumfa da littattafan bashi, don a cikin rumfar muke ajiye su. Saboda haka ina roƙon abu huɗu.

Na ɗaya, kowa ya koma gida ya buɗe akwatin mahaifinsa da gafakar kakansa. Abin da aka samu na Larabci ko ajami, a kai wa malamin da ya iya karatun warash da tsohon rubutu ya karanta, a rubuta fassarar a ajiye tare. In ka ɗaga takarda a rana ka ga alamar jinjirin wata guda uku a jikinta, irin takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta Tarabulus, ka riƙe ta da kyau. Na biyu, kada a liƙa mata salatif, kada a kai ta a manne ta cikin leda da zafi, wannan kashe ta yake yi. A sa ta tsakanin farar takarda biyu, a cikin tadarishi ko kwali, nesa da danshi da gara. Na uku, a ɗauki hotonta da waya, gaba da baya, har da hatimi in akwai, a aika wa 'yan'uwa biyu ko uku da ke wasu garuruwa. Na huɗu, tsohuwar takardar ciniki ba ta ɗauke wa mutum neman ta hukuma. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna ne a matsayin amana, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Wanda bai nema ba ya fara, ko da a hankali ne.

Ku kuma samari, gidan tarihi na Jos yana nan kusa da gidan zu, tun 1952 Mista Fagg ya buɗe shi. Yawancinku kun je kallon namun daji da sallah, ba ku san cewa a nan ake ajiye da ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu na malamanmu da sarakunanmu ba, waɗanda aka buga jerin sunayensu tun 1965. Akwai irinsu a Gidan Arewa da ke Kaduna, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Ku je ku gani, gani ya kori ji. Muna bukatar yaranmu da za su iya karanta waɗannan takardu da kansu, su faɗa mana abin da ke ciki tsakani da Allah, wanda ya yi mana daɗi da wanda bai yi ba.

Game da lungunmu kuwa, na san wasu za su tambaya. Ba kotu ce ta raba mu ba. Wata tsohuwa ce a unguwa, wadda ta ga lokacin da aka gina katangar, aka kira ta gaban mai unguwa, mu da maƙwabcinmu muna zaune. Ta nuna inda tsohon magudanar ruwa yake. Muka bar masa taku biyu, ya bar mana biyu, aka rubuta sabuwar takarda, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Bara ɗansa ya auri 'yar ƙanena.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, malamai su gyara. Allah ya jiƙan Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello da Shehu Laminu da iyayenmu baki ɗaya. Allah ya zaunar da garinmu Jos lafiya, da Jihar Filato, da Nijeriya.